Kunna Fitilun Kirsimeti a Tsakiyar Hunturu

Abin da ke ba ni haushi game da bikin kunna fitilun bishiyar Kirsimeti a nan Bauchi shi ne yadda masu shirya shi suke mantawa cewa a watan Disamba ake yin sa, lokacin da iskar hunturu take kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, sanyi kuma yake sauka da zarar rana ta faɗi. Za a sanar cewa ƙarfe shida za a fara, iyaye su kwaso yara tun da sauran haske, sai a bar su a fili har wajen ƙarfe tara saboda babban baƙo bai iso ba, wai shi kaɗai ne zai kunna.

Babba yana iya jurewa. Yaro ɗan shekara uku kuwa leɓɓansa sun tsage, majina tana zuba, hular sanyin da uwarsa ta sayo masa a kasuwar Wunti ya cire ta ya jefar. Duk da haka sai shugaban taro ya gai da kowane mai muƙami da sunansa da sarautarsa, a yi jawabi a kan jawabi, sannan a gano cewa babu mai a janareta.

Kunna fitilun kansa bai kai minti guda ba. A lokacin wasu yaran sun yi barci a goye, sauran suna kuka, masu keke napep sun ƙara kuɗin komawa gida, washegari kuma iyaye suna shagon magani suna neman na tari da mura.