Takardar da maƙwabcina ya manna mini a ƙofa

Wata biyu da zuwana Jamus, wata Lahadi da hantsi, na ɗauko injin huda bango da na aro zan kafa katakon ajiye littattafai. Da yamma na tarar da 'yar takarda manne a ƙofata. Babu gaisuwa, babu "don Allah". Cewa kawai aka yi yau Lahadi ce, a duba dokar gida, sai sa hannun dattijon da ke hawa na sama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da muke haɗuwa da shi a matakala kusan kullum, me ya hana shi ƙwanƙwasawa ya ce mini in yi haƙuri in bari sai gobe?

Ashe laifin nawa ne. Lahadi a nan ranar hutu ce da sashe na 140 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba wa kariya. Manyan kantuna a rufe suke, sai gidajen mai, da shagunan manyan tashoshin jirgi, da wasu masu burodi da safe. Ko kwalba ba a jefawa a tankin gilashi na bakin titi ranar, saboda ƙarar. Kowane dare kuma daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Duk wannan yana cikin takardar da mai gida ya haɗa mini da yarjejeniyar haya, wadda na sa wa hannu ban karanta ba.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, ni da dattijon nan kowa haƙƙin maƙwabtaka yake nufi, fahimtar ce ta sha bamban. Mu mun taso a kan cewa maƙwabci leƙa shi ake yi, a tambayi kwanan iyali, in an ji shi shiru kwana biyu a je a duba. Shi kuwa a wajensa mutunta maƙwabci shi ne ka ƙyale shi ya sarara, kada motsinka ya shiga ɗakinsa. A lissafinsa ma kara ya yi mini: bai tsaya a gabana ya ba ni kunya ba, bai kai ƙarata wajen mai gida ba. Shi ya sa nake jan kunnen sababbin zuwa da ke saurin cewa an tsane su. Wariya akwai ta, na gamu da ita, ba zan ɓoye ba. Amma irin wannan takarda Jamusawa suna manna wa junansu ita kullum.

Inda alkunyarmu ta fi cutar da mu shi ne ido da baki. Doka ta ce duk wanda ya tare a sabon gida ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 14. Da na je, ma'aikaciyar ta haife ni, sai na sunkuyar da kai ina amsa ta kamar yadda aka koya mini. Sau biyu tana tsayawa tana tambayata ko ina jin ta. Abin da na ɗauka ladabi, ita gani take kamar ina ɓoye wani abu. Haka in aka yi maka tayin abinci ka ce ka ƙoshi, kana jiran a matsa maka: an gama, an ɗauke kwano. A gidan cin abinci kuma mai kawowa zai tambaya, tare ko kowa nasa? Wanda ya gayyace ka yana iya cewa kowa nasa, kuma ko gezau.

Girmamawa a magana ba ta ba ni wahala ba. Suna da "Sie" na ladabi da "du" na sabo, kusan yadda muke ce wa babba "ku". Babba ne ke da ikon cewa a koma "du", kada ka yi azarɓaɓi. Lokaci kuwa, in an ce ƙarfe 3 to 3 ɗin ne, in za ka makara da minti biyar ka kira (jiragen ƙasansu dai ba su ji wannan huɗubar ba). Kada kuma ka taya mutum murnar ranar haihuwarsa kafin ranar ta zo, camfi ne a wajensu.

Duk waɗannan na bi, wasu ma na ga sun fi namu sauƙi. Abu ɗaya ne na ƙi saki, gaisuwa da duba mutum. Lokacin sanyin bara na yi kwana huɗu ban ji takun dattijon a sama ba, jaridunsa sun taru a akwatin wasiƙa. Matata ta ce kada in jawo mana wata takardar. Na hau na ƙwanƙwasa. Ya buɗe da bargo a kafaɗa, mura ta kwantar da shi, ya tsaya yana kallona kamar na ɓata hanya. Na ce ba komai, shirun ne ya yi yawa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaya ko zan iya sayo masa magani.

Tun daga ranar, in an kawo mini saƙo ba na gida, shi ke karɓa ya ajiye. Har yau dai "Sie" muke ce wa juna, kuma ranar Lahadi ko ƙusa ba na bugawa.