Mangwaron Ƙofar Gidanmu Da Zafin Da Muke Sha A Agege

'Yan uwana Hausawa mazauna Legas, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita.

Shekara 11 ke nan ina haya a gida ɗaya a Agege. Da na tare, na tarar da wani tsohon mangwaro a ƙofar gidan, mutum ɗaya ba ya iya rungume gindinsa. A ƙarƙashinsa mai shayi ke kafa teburinsa, a nan dattawa ke baza tabarma bayan Azahar, a nan mai wankin hula ke jera hulunansa. Bara waccan mai gidan ya kawo masu inji, kafin La'asar sun kai shi ƙasa. Ya gina shaguna uku a gurbin, ya malale ragowar filin da siminti. Na same shi na ce, "Baba, da ka bar mana ko rabin inuwar nan." Ya ce, "Malam, shago na kawo kuɗin haya, bishiya kuwa shara take kawo mini."

Tun daga ranar ɗakina ya zama tanda. Bangonsa na kallon yamma, kuma da mangwaron ne ke tare masa rana. Yanzu bulo da kwano sai su wuni suna shan zafi, da dare su juye mana shi. Ƙarfe ɗayan dare ka dafa bango ka ji shi da ɗumi. Fanka na juyawa amma iska mai zafi take kaɗowa. Autarmu duk wuyanta da bayanta ƙurajen zafi, uwarta kan jiƙa zani ta lulluɓa mata kafin ta samu barci. In aka ɗauke wuta sai janareta, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Kuɗin inuwar da aka sare, mu 'yan haya ne ke biyan sa a gidan mai.

Sai kuma ruwa. Da, in an yi sama, ƙasar tsakar gida ke shanye rabinsa. Yanzu ba inda zai nutse, sai ya bi kan siminti ya nufi kwata, kwatar kuma cike da ledar fiyawata da robobi. A ruwan farkon watan Yulin 2024 da ya tsayar da garin nan cak, da bokiti muka riƙa kwashe ruwa daga ɗaki. Legas gari ne na fadama da tafki, ƙasarsa kusan kafaɗa ɗaya da teku. Duk fadamar da aka cike da yashi a Lekki ko Ajah aka dasa gidaje, ruwan da ke kwanciya a wurin bai ɓace ba, gidan wani zai nema.

Shi ya sa in na ji ana maganar birni na zamani ana nuna hoton Eko Atlantic, raina ba ya kwanciya. An cike teku a inda Bar Beach take, an yi katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci, an tayar da benaye. Aiki ne babba, ban musa ba. Amma benen gilashi a ƙasar da rana ke dukan mutum haka, in babu na'urar sanyaya ɗaki ko awa ɗaya ba ya zaunuwa, na'urar kuma wuta take ci ko dizal. Ni ma'aunina na gini mai kyau ɗaya ne: a ɗauke wuta, a ga ko mutum zai iya barci a ciki.

Kakanninmu sun san wannan. Wanda ya taɓa shiga soron ƙasa a Kano ko Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san sanyin da nake nufi: katanga mai kauri ta tubali, rufin azara, ƙananan tagogi, ga zaure, ga bishiya a tsakar gida. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 shaida ne. Ba ina cewa a kwaso ginin nan a kawo Legas ba, ruwan nan da laimarsa ba irin na Arewa ba ne. Zafin Legas mai gumi ne, maganinsa iska ta ratsa ɗaki: taga a nan, taga a can suna kallon juna, rufi mai tsawo da silin, bakin kwano ya zarce bango ya yi masa laima, ga baranda. Ku duba tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa a Ebute Metta, haka aka yi su. Abin koyi a wurin magabata shi ne sun fara tambayar rana da ruwa da iska kafin su aza tubali. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, da bulon ƙasa ya gina makaranta a ƙauyensu Gando, ya ɗaga kwanon sama yadda iska mai zafi za ta fice, kuma a 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine. Mu kuwa muna gina ɗaki da taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabci.

Gwamnatin jiha ta yi wani abu. Tun zamanin Gwamna Fashola aka ware 14 ga Yuli a matsayin ranar dashen bishiya, aka kafa hukumar LASPARK mai kula da lambuna, a Janairun 2024 kuma aka hana robar zuba abinci ta soso da ke toshe magudanai. Sai dai inuwar ta fi yawa a Ikoyi da GRA ta Ikeja. Ka je kasuwar Mile 12 da rana tsaka ka ga ɗan dako da kwandon tumatir a ka yana neman inda zai raɓe.

Amma da mu nake. Yawancinmu zaman ci-rani muke yi a zuci, ko da mun shekara 30 a nan. Mutum zai ce ai ba garinmu ba ne, kuɗi muka zo nema. Alhali Hausawa na Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan layin dogo, a nan aka haifi iyayen wasunmu, a nan aka binne kakanninsu. 'Ya'yanmu iskar nan suke shaƙa. Muna tara kuɗi mu sa wa masallaci tayil har bakin titi, mu saya masa na'urar sanyi, amma ba mai tunanin barin taku biyu na ƙasa a dasa wani abu. Kuma duk mun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Musulmi ba zai dasa itace ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zame masa sadaka.

A masallacin layinmu na kai maganar gaban kwamiti. Liman ya goyi baya, wani Alhaji ya ce saiwa za ta fasa gini, muka yarda a nisanta daga bango. Muka fasa siminti wuri biyu kusa da wurin alwala, muka dasa darbejiya da gwaiba, muka karkatar da ruwan alwalar da ke zuba a kwata zuwa gindinsu. Akuya ta cinye gwaibar a sati na farko, muka sake dasawa muka kewaye da bulo. Darbejiyar yanzu ta kai kafaɗata.

Duk wanda ke cikin kwamitin masallaci ko makarantar Islamiyya a Agege, Idi-Araba ko Obalende, ya yi mini magana. Ina da dashen darbejiya shida a ledoji a bayan ɗakina, ina so su shiga ƙasa kafin ruwan bana ya ɗauke.