Pogba ya harɗe hannu, mu kuma fa?

'Yan uwana samari, mu da muke cika gidajen kallon ƙwallo daga Mabera har Arkilla a nan Sakkwato, da ku nake.

Wasunmu za su tuna Nuwamban 2017, ranar da Paul Pogba ya ci Newcastle, ya ɗaga hannuwansa a harɗe kamar wanda aka sa wa ankwa. Kwanaki kaɗan kafin nan CNN ta nuna yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, mutum sukutum dala 400, kamar rago a kara. A Maris 2021 ma 'yan wasan Norway sun fito fili sanye da rigunan neman haƙƙin leburorin Katar, bayan jaridar Guardian ta ce sama da 6,500 daga Indiya, Pakistan, Nepal, Bangladesh da Sri Lanka sun mutu a can tun 2010. Allah ya saka musu. Surutun duniya na cikin abin da ya sa Katar ta yanka mafi ƙarancin albashi, riyal 1,000 a wata.

Mun yaɗa hotunan a Facebook, mun yi tir. Sai me?

Mu fa jikokin 'yan cin rani ne. Da an gama kaka, ƙauyukanmu sai su zama na mata da tsofaffi, maza sun nufi Ibadan da Legas da Fatakwal. Hanyar da ke kai mutane Libiya ta ƙofarmu take bi: Illela, Konni, Tawa, Agadas. Gawarwaki 92 da aka tsinta a hamadar Nijar a Oktoban 2013, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata ne da yara daga yankin Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Abin da ya fi ci mini rai a layinmu ya faru. Akwai dattijo daga wajen Tawa da ke mana gadi, da tocilarsa da 'yar tabarmarsa da butar alwala. Wata huɗu ba a haɗa masa kuɗinsa ba, don an san ba shi da wanda zai kai wa kuka. Kullum da asuba sai in ce, "Baba, an kwana lafiya?" ya ce, "Lafiya lau, ɗana." Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasa na magani, sannan na tambaya. Har yau kunyar na nan. Alhali dukanmu mun haddace faɗin Manzon Allah (SAW) cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa tun kafin guminsa ya bushe.

Haka in ƙanwarka ta ce wani dillali zai kai ta aikatau Saudiyya, kada ka tsaya lissafin riyal. Tambayi wane ne kafilinta, a hannun wa fasfonta zai zauna, ina takardar yarjejeniya. Sassaucin da Saudiyya ta yi a 2021 wa tsarin kafala, mai ɗaure ma'aikaci a hannun ubangidansa, bai haɗa da 'yan aikin gida ba. In dillalin ya fara kame-kame, kai maganar ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tun yarinyar na gida.

Daren yau, kafin ka tafi gidan kallo, tsaya wajen mai gadinku ko ɗan ga-ruwan da ke cika muku randa, ka tambaye shi nawa yake bin gidanku.