Babu wanda ya sayar da Sarki Charles

Jama'a, maganar nan ta ishe ni. Jiya ma wani ya rubuta wai 'yan Sikotland sun sayar da sarkinsu, mutane sai jinjina masa suke yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Charles na Ɗaya, sarkin Ingila da Sikotland, shi ya kai kansa ya baro.

Bayan kashin da ya sha a hannun sojojin Majalisar Ingila a yaƙin basasa, a Naseby a 1645, ya sulale daga Oxford cikin shigar hadimi, ranar 5 ga Mayun 1646 ya isa Southwell, ya miƙa kansa ga rundunar Sikotland da ta yi wa Newark, garin magoya bayansa, ƙawanya. Lissafinsa ya haɗa su faɗa da Majalisar Ingila, shi ya kwashi riba a tsakani.

Fiye da wata takwas suna lallashinsa a Newcastle: ka amince da tsarin cocinmu wanda dattawa ke jagoranta ba bishop ba, mu tsaya maka. Malaminsu Alexander Henderson ya yi ta musayar takardu da shi. Ya ƙi. To, su jawo wa ƙasarsu yaƙi da Ingila saboda mutumin da ya ƙi ba su komai?

Kada wani ya zo min da "ai sun karɓi kuɗi". Fam 400,000 ɗin nan bashin albashin sojojinsu ne, na yaƙin da suka yi wa Majalisa tun 1644, rabi ma aka ba su kafin su bar sarkin a hannun Majalisa su tafi a farkon 1647. Wanda ya karɓi haƙƙin guminsa bai sayar da kowa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, a Disambar 1647 wannan sarkin ya yarda da tsarin cocin nasu na shekara uku don su ɗauki makami dominsa. Suka ɗauka, Cromwell, kwamandan sojojin Majalisa, ya tarwatsa su a Preston a 1648. Hukumar Ingila ce ta sare masa kai a Janairun 1649, 'yan Sikotland kuwa suka ayyana ɗansa sarki. Su ne maciya amana?

Ni mutanen Newark nake tausayi. Sau uku ana yi musu ƙawanya, ga annoba tana cin garin, ba su buɗe ƙofa ba. Sarkin na shiga hannu ya aika wa kwamandansu Belasyse umarni ya miƙa wuya. Me ya sa ba kwa rubutu a kansu?