A ba ɗaliban Damagaram dama su auna bulon leda

Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar take da doka mai lamba 2014-63 da ta haramta ƙera leda mai shara-shara, da shigo da ita, da sayar da ita. Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ta Damagaram da yamma ya san inda dokar ta kwana. Baƙar leda a kan ƙaya, ledar ruwa a magudana. Tambayi mahauci abin da yake zarowa daga tumbin akuya, zai nuna maka dunƙulen leda da ya murɗe, ya cika wurin da abinci zai zauna.

Shi ya sa nake jinjina wa matasan da ke narka leda a rabin duro, su zuba yashi, su gauraya, su buga bulon shimfiɗa hanya. Sun motsa, wasu na zaune. Amma aikin na tafiya da ka ne, babu awo, kuma nan ne damuwata.

Roba ba iri ɗaya ba ce. Gorar ruwa, wadda masana ke kira PET, sai zafi ya kai wajen digiri 250 take narkewa. Ledar cefane kuwa wajen 110 zuwa 130 take narkewa. Ka haɗa su a duro ɗaya, kafin waccan ta narke wannan ta fara ƙonewa. Idan guntun bututun ruwa na robar PVC ya faɗa ciki, hayaƙin da zai tashi guba ne, kuma yaron da ke tsaye da muciya a bakin duron shi zai fara shaƙarsa, sau da yawa ko ƙyalle babu a hancinsa. Wannan wahalar rarrabewa tana cikin dalilan da suka sa, bisa wani babban bincike na 2017, kashi 9 cikin 100 kacal na sharar robar duniya aka sake sarrafawa.

To, yashi nawa ya dace a zuba wa kilo ɗaya na leda? Bulon zai ɗauki amalanke da mota a zafin Afrilu, lokacin da ko a inuwa ake haura digiri 40? Bayan damina uku zai tsage, ko zai riƙa zubar da ɓurɓushi ruwa na kwashewa zuwa tafkunan gari? Turai ba za ta amsa mana waɗannan ba, don yashinmu da ranarmu ba nata ba ne.

Masu amsawa suna Jami'ar André Salifou ta Damagaram: ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, da ƙananan malamai da suka fara bincike. Abin da suke buƙata bai taka kara ya karya ba: injin gwada ƙarfin bulo, na'urar auna zafi da hayaƙi, da kuɗin zirga-zirga. A Kenya, Nzambi Matee da gwaje-gwaje ta fara kafin kamfaninta Gjenge Makers, mai buga bulon roba da yashi, ya tsaya, har hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta a 2020. Matatar SORAZ ma, da ke tace mai a jiharmu tun 2011, za ta iya ɗaukar nauyin ɗakin gwaji guda, tunda roba ƴar man fetur ce.

Akwai masu cewa wannan duk kewaye ne, a zartar da dokar kawai. Suna da gaskiya rabi. Bulo ba zai shanye ledar da ke shigowa kullum ba, kuma ledar da ta gauraya da yashi da wuya ta sake zama wani abu. Sai dai wadda ta riga ta watsu a unguwannin Birni da Zango doka ba za ta tsince ta ba.

Ma'aikatar magajin gari ta ware ɗan guntun titi, a shimfiɗa bulo iri uku masu awon yashi daban-daban, ɗalibai su bibiye shi damina uku, su bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Matan da yaran da ke tsintar ledar kuma a biya su da kilo, a ba su safar hannu, a koya musu raba PVC gefe tun daga juji.