Huhun Yaya ya zama dutse, su kuma takarda suke nema

Matakala talatin da biyu ce daga ƙasa zuwa ofishin da ake karɓar takardun neman diyya. Na san adadinta ne domin ni da Yaya mun ƙirga ta sau shida cikin wata goma sha ɗaya. Yakan taka huɗu ya tsaya, ya dafa bango, ya wage baki kamar kifin da aka tsamo daga ruwa, sai numfashin ya dawo mu ƙara huɗu. A zuwanmu na ƙarshe, da ƙyar na kai shi benci, leɓɓansa sun yi duhu, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Ma'aikacin ya ɗaga fayil ɗinmu, ya juya shafi biyu, ko ɗaga ido bai yi ba ya ce, "Malam, har yanzu babu shaidar cewa a wurin aiki ka kamu da wannan ciwon." Yaya ya buɗe baki zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Ni na ba da amsa, kuma abin da na faɗa ba zai rubutu a nan ba.

Shekara goma sha huɗu Yaya ya yi a kamfanin fasa dutse, shida a bakin injin niƙa, takwas a kan injin yanka. Ina yaro lokacin da ya fara, kuma ba na manta yadda yake dawowa gida fari fat, gira fara, gashin hanci fari, har cikin kunne. In ya wanke fuska, ruwan da ke kwarara sai ka ce an dama siminti. Mu yara dariya muke yi, muna ce masa tsoho. Abin da yake toshe hanci da shi tsohon ƙyalle ne. Takunkumin takarda kuwa sai ranar da aka ji masu duba aiki za su zo ake rabawa, da sun juya baya a koma gidan jiya. Injin yankan yana da bututun da ke fesa ruwa a kan zarto don ƙura ta kwanta, ya lalace tun shekarar Yaya ta biyu a wurin, ba a gyara ba. Shugaban leburori ya ce yankan busasshe ya fi sauri, kuma ba ya jawo taɓo.

Wannan bututun da aka ƙi gyarawa shi ne ya cinye huhun yayana.

Da tarin ya fara, sai aka ce tarin fuka ne. Ya sha magani wata shida cif, bai fasa ko rana ɗaya ba, hakin bai tafi ba. Sai da muka faɗa hannun wata likitar ƙirji, ta ɗaga hoton a gaban fitila ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tambayar da duk waɗanda suka gabace ta ba su yi ba: "Baba, wane aiki kake yi?" Ta ce masa Baba, alhali bai cika arba'in da biyar ba. Ta nuna mana ɗigo-ɗigo farare da suka cika saman huhun biyu, wasu sun haɗe sun zama dunƙule. Ta ce sunan ciwon silikosis.

A bakinta na fara jin yadda abin yake. Ƙurar da ido ke gani ba ita ce babbar muguwar ba, wannan hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mai kisan ita ce ƙurar silika, wato ma'adinin da ke cikin dutse da yashi, wadda ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta aƙalla sau ɗari, ita ce ke wucewa har cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu. Ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, su mutu, wasu su zo su sake haɗiyewa, su ma su mutu. A duk inda aka yi wannan gumurzun sai tabo ya fito, tabon ya yi tauri, huhun da ya kamata ya riƙa buɗewa kamar soso ya ƙage. Ko mutum ya bar aikin, ciwon yana iya ci gaba da cin sa. Ba shi da magani, sai dai rage wahala, ko dashen huhu ga wanda ya samu hali. Kuma mai shi ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka wajen ninki uku. Wato tarin fukan da Yaya ya yi da gaske ne, amma ƙurar ce ta buɗe masa ƙofa.

To, ku ji yadda aka mayar da wannan bayanin makamin yaƙarmu.

Irin silikosis ɗin da ya fi yawa ba ya bayyana sai bayan shekara goma ko fiye da fara shaƙar ƙurar. A cikin shekara goma me ba ya faruwa? Kamfanin da Yaya ya yi wa aiki ya canza suna, ya canza allon ƙofa, amma injinan su ne, ramin shi ne, mai shi ma shi ne. Da muka je neman takardar shaidar aiki, sai wani matashi mai ƙamshin turare ya ce mana a ofis mai sanyi, "Ranka ya daɗe, wancan kamfanin daban, mu daban." Da muka matsa, sai labari ya canza: wai Yaya bai taɓa zama ma'aikacinsu ba, ɗan kwangila ne ya kawo shi. Ɗan kwangilar kuwa an ce ya rasu. Albashi a hannu ake ba su, su dangwala yatsa a wani littafi, littafin an ce ruwa ya ci. Shekara goma sha huɗu, mutum ya bar ƙuruciyarsa a ramin dutse, amma a takarda bai taɓa taka wurin ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na bi tsofaffin abokan aikinsa don su yi shaida. Cikin bakwai da ya lissafa min, uku suna ƙarƙashin ƙasa. Biyu suna aiki a wurin har gobe, suka ce in rufa musu asiri, in suka buɗe baki wa zai ciyar da iyalinsu? Ban ga laifinsu ba. Biyu suka sa hannu. Aka karɓi takardarsu, aka ce shaidar baki ce, a kawo ta hukuma.

Sai aka shiga zagaye na biyu, na kamfanin inshora, inda ake binciken rayuwar mutum kamar shi ne ɓarawon. Ya taɓa shan sigari? E, ya sha shekara biyu yana saurayi, ya bari. Aka ja layi a ƙarƙashin wannan da jan biro. Ya yi tarin fuka? Aka sake jan layi. Ya taɓa aiki a wani wuri mai ƙura? Wata huɗu ya yi a wurin gini kafin ya shiga kamfanin, shi ma aka ja. Likitarmu ta rubuta baƙi da fari cewa sigari ba ta yin irin wannan tabon, suka ce sai likitansu ya gani. Wata biyar muna jiran ranar likitansu. Ranar ta zo, aka sa Yaya ya hura iska a bututu, aka ce bai hura da kyau ba, ya sake. Ya sake har sau biyar, jiri ya ɗebe shi. Rahoton da ya fito ya ce gwajin bai inganta ba domin majiyyaci bai ba da cikakken haɗin kai ba. Wallahi haka aka rubuta. Mutumin da ba shi da iska, an kama shi da laifin rowar iska.

Yanzu kuma sun ɗauko maganar wa'adi, wai mun makara. A Ingila, shekara uku da doka ta ba mutum ya shigar da ƙara tana iya fara ƙirguwa daga ranar da ya san cewa ciwonsa yana da alaƙa da aikinsa, kuma hankali ma abin da zai ba ka ke nan. Amma lauyansu yana jayayya cewa tun ranar da Yaya ya fara tari ya kamata ya sani. Likitoci uku ba su gane ba, lebura ne zai gane?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa ai ba a sani ba, ƙaddara ce. Ƙarya ne, an sani. Tun 1870 aka raɗa wa ciwon nan suna. A 1930 aka yi taron duniya a kansa a Johannesburg. A 1934 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan aiki da ake biyan diyya a kansu. A 1995 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da shi, suka sa 2030 a gaba. A 1997 cibiyar binciken daji ta duniya ta tabbatar cewa ƙurar silika da ake shaƙa a wurin aiki tana jawo dajin huhu. Turkiyya ta hana fesa yashi a jikin wandunan jins a 2009, bayan samari sun yi ta mutuwa saboda kwalliyar wando. Amurka ta rage iyakar ƙurar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa zuwa maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska, a dokar 2016. Ostireliya ta haramta dutsen haɗi na teburin kicin, wanda silikar cikinsa kan haura kashi 90 cikin ɗari, daga 1 ga Yulin 2024. Duk wanda ya buɗe kamfanin dutse ya ce bai san ƙura tana kisa ba, ya raina mana hankali ne. Rigakafin ma ba wani asiri ba ne: ruwa a kan zarto, injin zuƙe ƙura, takunkumi na gaske mai matata, da hoton ƙirji lokaci-lokaci.

Da na shiga karance-karance cikin dare, ina zaune kusa da tukunyar oksijin ɗin Yaya, sai na ga ashe wasan tsoho ne. A farkon shekarun 1930 aka haƙa ramin Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, cikin dutse mai yawan silika, ana huda shi a bushe. Mafi yawan leburorin baƙar fata ne. Adadin matattun da aka ambata a zaman majalisar dokokin ƙasar a 1936 shi ne 476, masu bincike daga baya suka ce ya fi haka. Da aka zo sulhu, an yanka wa baƙar fata marar aure dala 400, farar fata mai aure dala 1,000. Har huhu an yi masa launi.

Amma labarin da ya hana ni barci na Thembekile Mankayi ne, mai haƙar zinare a Afirka ta Kudu. Diyyar da tsarin gwamnati ya ba shi rand 16,320 ce kacal. Ya kai ƙara yana neman haƙƙin ya tuhumi kamfanin kai tsaye, shari'a ta yi ta tafiyar hawainiya har Kotun Tsarin Mulki. A watan Maris na 2011 kotun ta ce yana da gaskiya. Shi kuwa ya rasu kwanaki kaɗan kafin a karanta hukuncin. Wannan nasarar ce ta buɗe hanyar ƙarar taron dangi da ma'aikatan ma'adinai suka shigar, wadda kamfanoni shida suka yi sulhu a kanta a 2018 kan rand biliyan 5, kotu ta amince a 2019. Sulhun ya shafi waɗanda suka yi aiki tun daga 1965. Ku lissafa da kanku, daga 1965 zuwa 2019, mutum nawa ne mai ruɓaɓɓen huhu zai iya wannan jiran? Bayan nan ma sai da aka shiga neman tsofaffin ma'aikata a ƙauyukan Lesotho da Mozambik, ana ce musu su kawo takardun aikin da suka yi shekara arba'in da suka wuce.

Shi ya sa na daina yarda cewa jeka-ka-dawon da ake mana sakaci ne. Lissafi ne. Ciwon yana jinkirin fitowa har sai shaidu sun mutu, takardu sun ɓace. In ya fito kuma, kowane wata da aka ja, mai ƙarar yana ƙara matsawa kusa da kabari. Su suna da lauyoyin da ake biya ko an yi zama ko an ɗage. Mu kowace ɗagewa kuɗin mota ne, da kuɗin oksijin, da yinin aikina da na rasa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma su sun gano cewa in suka daɗe suna wasa aska, kuturun zai riga su tafiya. Me zai hana doka ta ce, duk wanda ya yi shekaru a cikin ƙurar dutse kuma hoto ya nuna silikosis, to daga aikin ne, kamfani ne zai kawo hujjar akasin haka? Su ke da littattafan, su ke da injinan, su ya kamata su auna ƙurar ba su auna ba. Don me mai haki ne zai yi ta hawa bene?

Makon jiya wani ya zo har gida da jaka a hammata, ya ce kamfani ya tausaya, ga ɗan taimako, ba diyya ba, taimako. Kuɗin ba zai cika tukunyar oksijin ta wata uku ba. A shafi na biyu akwai layin da ya ce Yaya ya yarda ciwonsa ba shi da nasaba da aikin, kuma shi da magadansa ba za su sake tayar da maganar ba. Na karanta masa a hankali. Ya janye robar daga hancinsa, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, in na sa hannu, yaran da ke kan injin nan yanzu fa?" Sai da ya huta sau biyu kafin ya ƙarasa wannan 'yar maganar. Na miƙa wa mutumin takardarsa.

An ba mu wata ranar, wata uku nan gaba, kuma an jaddada cewa dole mai ƙara ya bayyana da kansa. Na tambaya ko za a iya saukowa ƙasa a gan shi, ko a cikin mota ne. Aka ce in rubuto buƙatar a takarda, kwafi uku.