Kaunta mai sauri ta PLC ba ta jiran sikan

Wai ina masu cewa duk kauntar PLC (kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta) iri ɗaya ce, in ka saka CTU, wato kaunta mai ƙirga sama, a cikin ladda (salon rubuta program na PLC) shikenan zata ƙirga komai? Wallahi ba haka bane, kuma nan ne yawancin masu koyo suke rikicewa.

Kauntar da kake rubutawa a program tana duba infut ne sau ɗaya a kowane sikan, wato zagaye ɗaya da PLC ke yi yana karanta program daga farko zuwa ƙarshe. In sikan ɗinka na cin milisekan 10, to duk bugun da yazo ya wuce tsakanin dubawa biyu ya ɓace. Yanzu ka ɗauki enkoda (na'urar da ke fitar da bugun lantarki yayin da moto ke juyawa) mai bugu 1000 a zagaye ɗaya, a kan moto mai juyi 1500 a minti, bugu 25,000 kenan a sakan guda, ina CTU zata kama wannan?

Ita kuwa HSC, wato kaunta mai sauri, da'irar lantarki ce daban a jikin na'urar, ita kanta take ƙirga bugun, CPU (ƙwaƙwalwar PLC ɗin) kawai ya leƙo ya karanta adadin, kuma in adadin ya kai inda ka saita zata iya tayar da intarof, wato ta katse program ɗin, nan take. Shi yasa ba kowane infut take amfani dashi ba, a Mitsubishi FX sai X0 zuwa X7, a Siemens S7-1200 kuma wasu infut na jikin CPU ne ke kai 100 kHz.

Abin da ke cin mutane a S7-1200 shine filtar infut, wadda ke watsar da bugun da bai kai lokacin da aka saita mata ba, tana zuwa a milisekan 6.4, in baka rage ta ba kauntar zata rinƙa tsallake bugu kai kuma kana zargin enkoda.